Kundin Shirin Baje Kolin Littattafan Hannu a Zariya

Asabar, 11 ga Oktoba

Yau bayan La'asar muka tsayar da magana, mu huɗu. Za mu baje kolin tsofaffin littattafan hannu da ke ɓoye a gidajen Zariya, kwana biyu a tsakiyar Disamba, tare da lacca a kan yadda mutanen da suke ƙawata littafi, a nan ƙasar Hausa da can wasu ƙasashe. Wata makaranta a Tudun Wada ta ba mu ɗakin taro kyauta, namu dai man janareta da shara. Karo-karon farko ya tashi naira dubu 180. Ni aka ɗora wa yawon neman littattafai da riƙe wannan kundi.

Ba saye, ba sayarwa, kuma duk dillalin da ya leƙo a sallame shi tun daga bakin ƙofa. Kowane littafi aro ne. Za a ƙirga warƙoƙinsa a gaban mai shi, a rubuta, ya sa hannu mu sa hannu.

Talata, 14 ga Oktoba

Na shiga birni ta Ƙofar Doka, na nufi zauren wani dattijon malami da kowa ya ce in fara da shi. Na jira ya gama ba da karatu, na matsa na gaishe shi, na faɗi abin da ke tafe da ni. Bai katse ni ba har na kai aya.

"Ɗana, littafi ba ya zuwa biki. Mai son ganinsa ya zo ya yi sallama a zaure."

"Allah gafarta Malam, kwana biyu ne kawai, kuma cikin gilashi."

"Wanda ya karɓi na mahaifina ma kwana biyu ya ce. Har yau kwana biyun ba su cika ba."

Ashe shekarun baya wani ya zo da takarda mai hatimi, ya ce hoto kawai zai ɗauka ya dawo da littafin. Ban ga laifin Malam ba ko kaɗan. Da alama neman yardar masu littattafai zai fi duk sauran shirin cin lokaci.

Alhamis, 16 ga Oktoba

Ba a dace ba. Wani gidan mai gidan ya yi tafiya, wani kuma sun ce littafin gado ne da ba a raba ba, sai 'yan'uwa sun zauna. Kuɗin keke naira dubu 2.

Lahadi, 19 ga Oktoba

Allah ya yi mana buɗi ta hannun gwaggon ɗaya daga cikinmu. Ta sa jikarta ta sauko da gafaka daga kan kwaba, ta tambaye mu ko muna da alwala, sannan ta miƙo. Alƙur'anin kakanta ne. Fatar gafakar ta yi baƙi don shan hannu, igiyar ratayawar ta tsinke an ƙulla ta da zare. A ciki akwai tadarishi, a cikinsa kuma warƙoƙi a sake, ba ɗinki, yadda dai mutanenmu ke barin littafi don malami ya iya ba ɗalibi falle biyu ya je ya yi tilawa.

Na daɗe a kan shafin farko. Rubutun mai kauri ne, ruwayar Warshu, fa'un da ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf da ɗigo ɗaya a sama. Tawadar ta koma ruwan ƙasa-ƙasa. Wasulla da ja aka yi su, hamza kuwa ɗigon rawaya ce mai ɗan tudu, kana iya jin ta da idonka. Ƙarshen kowace aya ƙananan da'irori uku ne a cure. A gefen shafi, duk inda izu ya cika ko aka zo wurin sujada, sai ka ga wata da'ira da aka cika da zane, kuma na yi ta dubawa ban ga biyu iri ɗaya ba. Wajen farkon Baƙara akwai zayyana cike da shafi, murabba'i cikin murabba'i, ja da rawaya da baƙi, kamar aikin gaban babbar riga. Ba zinariya ko ɗigo. Duk da haka mutum huɗu muka yi shiru.

Da na ɗaga falle ɗaya ga hasken taga sai ga tambarin da ke ɓoye cikin takardar, jinjirin wata guda uku a jere, wani na bin wani suna ƙanƙancewa. A wani fallen kuma ga suna ɓaro-ɓaro, Andrea Galvani Pordenone. Wannan masana'antar takarda ce a arewacin Italiya, wadda kayanta suka cika kasuwannin Masar da Tarabulus a ƙarni na 19, fatake kuma suka ƙetaro da su hamada.

Nan aka samu 'yar matsala. A gidan an gaji cewa littafin ya shekara ɗari biyar. Takardar ba ta yarda ba. Ko Alƙur'anin Borno da Bature Bivar ya yi rubutu a kansa a 1960, wanda ake lissafawa cikin mafiya tsufa masu kwanan wata a wannan yanki, shekarar 1669 ce a jikinsa. Na lallaɓa na yi wa Gwaggo bayani. Ta ce, "To ɗan nan, ku rubuta abin da kuka gani, amma ku sa cewa na kakana ne." Haka za mu rubuta. Warƙa 486, an ƙirga a gabanta.

Asabar, 25 ga Oktoba

Mun yi ciniki da kafinta a Sabon Gari: akwatunan gilashi guda shida masu kulle, naira dubu 27 kowanne. Na ba da kafin alƙalami dubu 80. Na jaddada masa ƙafafun su yi tsawo, don ba za a aje Alƙur'ani ƙasa da ƙugun mutum ba. Asusu ya yi ƙasa sosai. Wani Alhaji ya yi alkawarin dubu 100.

Laraba, 29 ga Oktoba

Na je Samaru wajen malamar da muke so ta yi mana lacca, kuma ta amince. Ta tuna mini cewa a jami'ar Ahmadu Bello akwai tarin rubuce-rubucen Larabci da Ajami da aka fara tattarawa tun shekarun 1960, ga na Gidan Arewa a Kaduna, amma a ganinta abin da ke cikin adakar mutane ba a san iyakarsa ba.

Ta ba ni umarni irin na likita. Kada a sa safar hannu, don mai safa ba ya jin takarda, shi ke yaga ta. A wanke hannu a busar kawai. Kada rana ta taɓa shafi, hasken cikin ɗakin ma kada ya wuce lux 50 a ma'aunin ƙarfin haske, ana iya aunawa da waya. Kada a buɗe filashin kyamara. Salatif kuwa ta ce in na gan shi a hannun wani kusa da littafi in ƙwace.

Lahadi, 2 ga Nuwamba

Zaman yau ya yi zafi. Malama ta aiko da jerin hotunan da za ta haska, kuma a ciki akwai littattafan Kiristocin Turai. Alhajin da ya yi mana alkawarin kuɗi ya ce shi bai ga abin da ya haɗa Alƙur'anin kakanninmu da Linjilar Turawa a ɗaki ɗaya ba. Ɗayanmu ya ce lacca ce ta sana'ar littafi, ba wa'azi ba. Aka yi ta ja.

Ni tsorona daban ne. Ina gudun a haska wa yara shafukan da ke walƙiya da zinariya da shuɗin lazurdi, dutsen da ake haƙowa a Badakshan ta Afganistan, wanda wani lokaci ya fi zinariya tsada, su waiwayo su ga namu ja da rawaya su raina. Da na faɗa wa Malama haka a waya sai ta yi dariya, ta ce in je in dubi Littafin Kells, wata tsohuwar Linjila ta hannu, da kyau. Na duba. An rubuta shi wajen shekara ta 800, a kan fatar maraƙi, warƙa 340, yanzu yana Kwalejin Trinity a Dablin, kuma Turawa na ji da shi kamar me. To babu zinariya a cikinsa. Rawayarsa daga wani dutse ce, shuɗinsa daga ganye mai ba da launi irin na baban marina. Abin da ya ɗaukaka shi haƙurin hannu ne, layi ya shiga ƙarƙashin layi ya fito bai ɓata ba. A wannan fagen mai zayyanar Gwaggo ba baƙo ba ne.

Inda aka tsaya: daga littattafan Turai za a nuna shafukan ado da manyan haruffa, ban da hotunan annabawa. Za a fara da namu, sannan Alƙur'anin da Ibn al-Bawwab ya rubuta a Bagadaza a 391 Hijiriyya (shi ma yana Dablin, a ɗakin karatu na Chester Beatty, ikon Allah), da Shuɗin Alƙur'ani mai rubutun zinariya a kan fatar da aka rina, wanda mafi yawansa ke Tunisiya. Alhaji ya ce zai yi tunani.

Asabar, 8 ga Nuwamba

Rana mara daɗi. Wani gida suka kira mu da kansu, suka ce akwai adakar littattafan kakansu da ba a buɗe ba tun rasuwar mahaifinsu. Adakar na jingine da bangon ƙasa a wani ɗaki da ke yoyo da damina. Da aka ɗaga murfin, na sama lafiya lau. Da muka ɗauke gafaka ta biyu sai hannuna ya nutse. Gara ta shigo ta gindin akwatin ta yi gini a ciki, littattafan ƙasa sun zama dunƙulen laka mai ramuka. Wani tarin warƙoƙin da ka gani daga waje kamar kalau, kana ɗagawa sai ka tarar tsakiyar babu, gefe kawai ya rage, inda ɗalibai suka yi ta rubuta sharhi da ƙananan haruffa. Sharhin na nan, abin da ake yi wa sharhin ya tafi.

Babban ɗan gidan ya zauna a bakin ƙofa bai ce uffan ba. Daga baya ya ce, "Malam, mu a zatonmu rufewar ita ce adanawa."

Mun tsamo littattafai uku masu rai. Ɗaya Dala'ilul Hairati ne ɗan ƙarami, da zanen Rauda a shafi biyu masu fuskantar juna, amma wani ya taɓa yi masa gyara da salatif, gam ɗin ya narke ya bar tabo ruwan goro a kan zanen. Ba za mu taɓa shi ba, sai masu aikin gyara sun gani. Sauran mun shanya su a inuwa, mun kakkaɓe da burushi mai laushi, kowanne a jakarsa daban, kada su kusanci na sauran mutane.

Duniya ta yi kuka da aka ƙona littattafai a cibiyar Ahmad Baba ta Tambutu a Janairun 2013, kuma ya dace a yi. Ɓarnar gara ba ta shiga labarai. Mun yanke shawarar buga 'yar takarda shafi ɗaya a raba wa mahalarta: a ɗaga akwati daga ƙasa, a nisanta shi da bango, a buɗe a duba kafin damina da bayanta.

Laraba, 12 ga Nuwamba

Littattafai sun kai 11. Kwali mai kauri da farin yadi na shimfiɗa, naira dubu 14. Alhaji ya turo dubu 60, ba 100 ba. Mun gode.

Asabar, 15 ga Nuwamba

Wani alaramma ya yarda ya zauna a wurin baje kolin yana rubutu mutane na kallo. Yau na je tsangayarsa muka haɗa tawada. Ta allo daban, wadda ake wankewa. Ta takarda kuwa 'ya'yan bagaruwa ya daka ya jiƙa, ya zuba kashin maƙera, ya tafasa, ya tace, sannan ya sa ƙaro don ta kama. Da ya fere alƙalamin kara ya ja layin farko sai na ga abu fayau, na ce ko ruwa ya yi yawa. Ya ce, "Malam, ba ta gaggawa." Kafin mu gama shan shayi layin ya yi baƙi.

Marubutan Turai ma kusan haka suke yi, sai dai su wani ƙullutu da ke fitowa a jikin itacen oak suke dakawa a madadin bagaruwa, su haɗa da gishirin ƙarfe da ƙaro. Irin wannan tawada idan ƙarfen ya yi yawa tana cin takarda a hankali. Yanzu na gane dalilin da a ɗaya daga littattafanmu wasu haruffa suka zama huji.

Asabar, 22 ga Nuwamba

Akwatuna sun iso a bayan keke. Gilashin ɗaya ya tsage a hanya, kafinta ya ce laifin mai keke ne, mai keke ya ce laifin titi ne. Sabon gilashi dubu 9, mun raba da kafinta. Babbar damuwar ita ce ya shafa musu fenti ciki da waje, ban sa shi ba, wai don su yi kyau. Wari kamar ya hana numfashi. Malama ta ce kada a kuskura a rufe takarda a ciki sai warin ya fita sarai. Suna can a buɗe a baranda. Na biya cikon dubu 82.

Alhamis, 27 ga Nuwamba

Wannan ita ce mafi munin rana tun da muka fara. Muna ɗaukar hoton wani littafin fiƙihu, sharhi a kan Muhtasar, warƙa 212, na wani malami da da ƙyar ya ba mu. An ɗauke wuta tun safe, ba wanda ya lura cewa makunnin fankar sama a kunne yake. Warƙoƙin na jere a kan tebur kashi biyu, waɗanda aka ɗauka da waɗanda ba a ɗauka ba. Aka kawo wuta. Kafin a kai ga makunni sun watsu ko'ina, wasu ƙarƙashin benci, ɗaya ta maƙale a ƙarfen taga.

Ba lambar shafi a littafin. Da Alƙur'ani ne da sauƙi, kowane gardi zai jera shi da ka. Muka aika aka ɗauko Alaramma a babur. Ya duba ya ce kada kowa ya ƙara taɓawa. Ya nuna mana ƙasan kowane falle ta hagu, inda marubucin ya aje kalma ɗaya ita kaɗai, wadda da ita falle na gaba zai fara. Da wannan aka yi ta bi. Wahalar ita ce littafin fiƙihu cike yake da kalmomi masu maimaituwa, sai ka samu falle huɗu duk sun fara da kalma ɗaya, dole sai an karanta an ga inda maganar ta haɗu. Daga Azahar har bayan Isha'i. Falle biyu sun ɗan yage a kusurwa, rubutu bai taɓu ba.

Da safe zan kai wa mai shi, ya ji daga bakinmu.

Juma'a, 28 ga Nuwamba

Ya ƙirga da kansa, 212 cif. Ya duba wuraren da aka haɗa, ya ce daidai ne, ya sa wa Alaramma albarka. Sannan ya mayar da littafin cikin gafaka ya tura bayansa. Ban roƙa ba. Saura 10. An cire fis ɗin fankar ɗakin gaba ɗaya.

Laraba, 3 ga Disamba

Manyan hotunan bango sun fito daga wajen mai bugawa. Shuɗin Alƙur'ani ya koma ruwan hoda mai duhu. Ya ce injinsa ne, sai an sake, rabin kuɗi. Duka dubu 31.

Abin farin ciki, wani tsohon ma'aikacin ɗab'i ya kawo mana tsofaffin kofen Gaskiya Ta Fi Kwabo da wasu ƙananan littattafan waƙoƙin Ajami da aka buga a nan Zariya. Jaridar ta fara fita a 1939, kamfanin Gaskiya kuma aka kafa shi a 1945, a nan Tudun Wada, tafiyar ƙafa daga ɗakin taronmu. Akwatin da littafin fiƙihu ya bari ya samu mai shi. Ajamin nan rubutun hannu ne aka ɗauka aka buga da inji, don haka ya zauna daidai tsakanin alƙalami da ɗab'i.

Dattijon malamin nan na cikin birni ya aiko ɗansa: har yanzu littafi ba zai fita ba, amma in masu lacca na so, su zo zaure bayan an gama.

Talata, 9 ga Disamba

Hunturu ya sauka da ƙarfinsa. Warƙar gwaji da muka bari a akwati ta kwana ta nannaɗe a gefe. Mun toshe kafofin akwatunan da soso, kuma kowane littafi falle biyu kawai za a nuna, sauran na cikin tadarishi a rufe. Warin fenti ya tafi. Katunan bayani da Hausar boko da Ajami, Alaramma ne ya rubuta na Ajamin.

Asabar da Lahadi, 13 da 14 ga Disamba

An yi. Asabar da safe 'yan makaranta, da yamma lacca, Lahadi da safe mata zalla, don Gwaggo ta ce in ba haka ba ƙawayenta ba za su zo ba, kuma ta yi gaskiya, ɗakin ya fi cika a lokacin. Janareta ya mutu ana tsakiyar lacca, Malama ta ci gaba da baki har aka tayar.

Hoton da ya fi tayar da surutu ba na Alƙur'ani ba ne, ba kuma na Kells ba. Taswirar nan ce da aka zana a tsibirin Mayorka a 1375, wadda ke Faris yanzu, inda aka zana Mansa Musa na Mali zaune da kambi, riƙe da dunƙulen zinariya, shekara hamsin da ɗoriya bayan hajjinsa na 1324. Malama ta ce zinariyar Afirka ta Yamma ta daɗe tana ƙetara hamada zuwa arewa, takarda kuma daga baya ta biyo hanyar zuwa kudu, sannan ta nuna akwatin Gwaggo. Wani ɗalibi ya tambaya, to me ya sa namu marubutan ba su sa zinariyar ba? Alaramma ya amsa daga inda yake zaune, bai ɗago daga rubutunsa ba: littafin da za a rataya a kafaɗa a tafi gabas neman karatu, wa zai sa masa abin da ɓarawo ke so? Ba amsar masana ba ce, amma an tafa masa.

Dillalai biyu sun zo, an sallame su. Yara sun fi taruwa wajen tawada, har kwalba ɗaya ta zube a kan farin yadi, nesa da akwatuna, alhamdu lillahi. Mutum tara sun rubuta suna cewa akwai littattafai a gidajensu.

Talata, 16 ga Disamba

An mayar da bakwai, kowanne an ƙirga an sa hannu. Na Gwaggo 486. Saura uku na gidan da gara ta yi wa ɓarna, sun ce mu riƙe har a samu akwatin ƙarfe, don adakar ba ta sake amfanuwa.

Lissafi: an tara naira dubu 268 har da gudunmawar ranar taro, an kashe dubu 259, mai da ruwan sha sun ci dubu 28 a ciki. Ragowar dubu 9 ba za ta sayi akwatin ƙarfe ba, sai an ƙara. Akwatunan gilashi na ɗakin ajiyar makaranta. Gidaje taran nan za mu fara bi bayan hutu, ba don aro ba, don a buɗe a duba kafin ruwa ya sauka. Ranar Asabar zan je kasuwar Sabon Gari in ji farashin akwatin.